Yarinyar Da Ba Ta Shiga Rajistata Ba

Damina ce, shekara uku ke nan, damina mai ruwa. Gero ya yi kyau, sauro ma ya yi yawa, kusan duk gidan da ka shiga sai ka tarar da yaro kwance jiki zafi. A cikin ranakun shekarar akwai ɗaya da har yau ba ta bar raina ba, kuma ita nake so in ba ku labari, ku da za ku fara wannan aiki bana.

Ni Kulu ce, a yaƙi da jahilci na koyi rubutu bayan na haifi 'ya'ya biyar. Aikinmu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne. Sau ɗaya a wata, tsawon damina, muna bin gida-gida muna ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar. Na ranar farko a gabanmu yaro zai sha, na kwana biyun da suka rage mu bar wa uwa, mu cika kati, mu yi alama da alli a bango. Doka guda incajinmu, wato shugaban aikinmu, ya fi nanatawa: kada a ba yaron da ba na gidan ba, don kada ya koma gidansu wani rukuni ya sake ba shi, ya sha biyu. To amma yaron da aka tsallake shi ma ya shiga damina ba kariya.

Abokiyar aikina tana da tsohon ciki a lokacin, sai ta ɗauki gidajen cikin gari, ni na ɗauki tungayen nesa, can wajen iyakarmu ta Tambuwal da Kebbe. Mota ba ta zuwa can, mai babur kuma ba zai jira ki shiga gida ashirin ba. Keken marigayi mijina na fito da shi. Nakan sa wando a ƙarƙashin zane, in ɗaure jakar magani a kariyar bayan keken, in tura keken da hannu har in wuce gidan ƙarshe. Sai na shiga tsakanin gonaki nake hawa, inda ba mai cewa ga tsohuwa a kan keke.

Ina son hanyar nan, ba zan ɓoye ba. Turba ce ta jar ƙasa da tsakuwa, wani wuri ta faɗa burtali, wani wuri ta matse har ganyen gero na shafar kafaɗa. Ba abin da kike ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da kukan kurciya. Inda yashi ya yi yawa ki sauka ki tura, inda ruwa ya ci hanya ki ɗaga keken ki tsallake. Tun da na yi aure ban taɓa samun wurin da nake ni kaɗai da tunanina ba sai a wannan turba.

Tunga ta ƙarshe tana bakin rafi. Ƙetaren rafin ƙasar Kebbe ce, rukunin can ne ke ba su magani. A zagayen watan Yuli na shiga wani gida, na tarar da wata yarinyar mace, Balki, da jariri a baya, surukarta tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake. Na tambayi Balki yara nawa gare ta. Ta nuna na bayanta. Na ba shi, na rubuta.

Akwai wata 'yar shekara uku da ta kama fedar kekena tana juyawa da hannu tana dariya. Na ce, "Wagga fa, ɗiyar wa ta?"

Balki ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ta ƙetare ta."

Na ce to, mutanen Kebbe za su ba ta. Na cire hannun yarinyar daga sarƙa don kada ta ji ciwo, na yi alama a bango na fita.

A zagayen Agusta na sake ganin yarinyar a gidan. Rafi ya cika a lokacin, har daga tunga ana jin ƙugin ruwa. Na ce da Balki, "An ba wagga nata can?" Ta dubi wajen surukarta, ta dubi ƙasa, ta ce, "Wataƙila." Hadari ya haɗo ta gabas, ina tunanin laka da tsawon hanya. Ban tsaya na tambayi kaina yadda 'yar shekara uku za ta ƙetare cikakken rafi ta je ta sha magani ba. Na rufe jaka da sauran magani a ciki.

Ranar da nake nufi tana cikin zagayen Satumba. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune. Na jingine keke a jikin rumbu, na shiga wajen mata, na yi gaisuwa. Wata dattijuwa da ban sani ba ta matsa mini a tabarma. Ta ce ita ce mahaifiyar Balki, daga ƙetare ta zo. Na tambaye ta wa aka rasa.

Ta ce, "Dije. Kwana fuɗu tana zazzaɓi, ran na biyar ta fara sanƙarewa. Kafin a samo babur Allah ya karɓi abinsa."

Na ce, "Jikarki ce ke nan?"

Ta ce, "Ɗiyar farin Balki ta. Wurina aka kai ta yaye ta zauna. Farkon damina ta zo ganin ƙanenta, ruwa ya tare ta nan. Masu magani sun zo mana sau biyu, ni kau in ce musu tana wajen uwarta, can za a ba ta."

Na ce, "Inna, sau biyu nika tambayar Balki. Mi ya hana ta faɗa min tata ce?"

Dattijuwar ta dube ni, ba da faɗa ba. Ta ce, "Malama, ke kina kiran sunan naki na fari?"

Babban ɗana ya haura talatin, har yau "wancan" nake ce masa. Ni da na san wannan kunya a jikina, ni ce na tsaya da biro ina jiran yarinya ta buɗe baki gaban surukarta ta ce wannan 'yata ce.

Balki ba ta cikin masu kuka. Tana wajen murhu tana hura wutar da ta riga ta kama. Da na fito zan ɗauki keke sai ga ta a bayan rumbu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba. "Inna, duk zuwan da kinka yi ina son in ce ki ba ta. Bakina ne ya ƙi." Na kama hannunta. Na ce Allah ya ba da haƙuri.

Ranar ban iya hawa keken ba. Turawa na yi tun daga bakin rafi har gari.

Da la'asar na je wajen incaji na faɗa masa komai. Ya ce, "Inna Kulu, doka kika bi, ba wanda zai tuhume ki. Kuma wanda ya sha maganin ma yakan kamu." Na ce na sani, Malam, kwananta ne ya ƙare. Amma maganinta a jakata ya je, a jakata ya dawo, har sau biyu. Na roƙe shi ya bar ni in sake ƙirga yaran tungayen duka. Ya miƙo mini sababbin katuna, ya ce zai kira takwaransa na Kebbe su haɗa sunaye.

Abin da na koya ke nan, 'yan'uwa. Takarda ta ce a tambayi uwa, amma a ƙasarmu akwai ɗan da uwa ba za ta ƙirga ba ko za ta mutu da son sa. In kuka ga yaro a gida, kada ku tsaya kan "ɗan wa ne". Ku tambayi inda ya kwana jiya, kuma ku tambayi tsofaffi.

Washegarin ranar nan, da na idar da sallar asuba na ba taya iska, na kama turba tun raɓa ba ta bushe ba. Kowace tunga na isa, wajen tsohuwar gida nake fara zama, in ce ta kira mini jikokinta ɗaya-ɗaya da sunansu. Kafin azahar na sami yara uku da ba su taɓa shiga rajistar kowa ba, dukkansu 'ya'yan fari. Na jiƙa maganin a cokali, na ba su da hannuna, iyayensu mata suna can gefe suna kallon wani wuri.