Fim ɗin da Baba ya fito a mugu

Ranar Lahadi ta farko bayan ƙaramar Salla, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauko tele, wato talabijin ɗin maƙwabcinmu, aka girke a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu da ke Sabon Gari. Tun da safe Inna ta tashe mu, ni da ƙanwata Hadiza, muka share gida har bayan ɗaki, muka cika randuna da ruwan famfo, muka shimfiɗa tabarminmu, muka aro na maƙwabta. Ana idar da azahar gida ya cika da matan unguwa da goyonsu, da teloli abokan Baba, da kakata Iya, wadda ta taso daga Tsibiri musamman don ta ga ɗanta a cikin tele. Ranar ce za a fara kallon fim ɗin da Baba ya fito a ciki.

Baba tela ne, bai taɓa wasan kwaikwayo ba. Wani saurayi mai suna Sanusi, wanda ya yi 'yan shekaru a Kano ya dawo da kamara, shi ya kawo ɗinki shago, ya ga tsayin Baba, ya ji kaurin muryarsa, ya yi ta lallashi har ya amince. Mako uku suna zuwa Jiratawa ɗaukar fim a lambun Kawu Isa, wan Inna. Sau biyu na bi su. Muna tsinkar zogale da 'ya'yan Kawu, muna tsoma ƙafa a ruwan da ke bin tsakanin fangalin albasa, muna leƙen Baba yana maimaita magana ɗaya har sau bakwai cikin rana. Babu ɗalibar da ban ba labari ba a ajinmu. Har Mushe, malaminmu, sai da ya ji.

Labarin fim ɗin irin wanda kowa ya gaji da gani ne. Wani Alhaji mai arziki yana da 'ya guda ɗaya, aka sace ta a hanyar makaranta, wata murya tana bugo waya tana barazana, uwa tana kuka, jandarma suna tuhumar direban gida, a ƙarshe ta bayyana ƙanen Alhajin ne ya ɓoye ta don ya ci gado. Baba ne ƙanen Alhajin. Sanusi ya sa masa baƙin tabarau, kuma duk sanda ya shigo sai wani kiɗa mai gunji ya tashi, kamara ta matso kan fuskarsa yana lumshe ido. Ko minti goma ba a yi ba Rabi mai ƙosai ta ce da ƙarfi, "Wanga mai tabarau shi ya sace yarinyar, ku tashi mu tafi." Gida ya ɗauki dariya.

Daga nan ba a sake raga wa fim ɗin ba. Aka ƙirga kukan uwar, aka ce sau tara ta yi shi a kan kujera ɗaya, kuma janbakinta bai goge ba. Da aka nuno bukkar da aka ɓoye yarinyar, matar Kawu ta ce ai bukkar ajiye taki ce, ƙofarta zana ce, ko akuya tana ture ta. Wani tela ya lura rigar Alhajin ta sauya launi tsakanin zaure da tsakar gida. Iya kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi jandarman da ke marin direba ta ce, "Su waɗanga makafi ne? Mi bawan Allah ya yi musu?" Da aka kira la'asar maza suka fita masallaci, rabinsu ba su dawo ba. Baba yana zaune kan benci a bayan kowa, yana murza hularsa a gwiwa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da a gidanmu abin ya tsaya, da da sauƙi. Kaset ya shiga gidajen kallo na unguwanni, samari suna fita tun kafin a kai rabi, 'yan kabu-kabu suna kwaikwayon kiɗan nan in sun wuce shagon Baba. A wani shirin rediyo masu bugo waya suka yi masa kaca-kaca, wani ya ce ko ɗan yaye ya san ƙarshensa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen da suka ce fim ɗin ƙarya ce marar daɗi, su ne kuma suka ɗauki muguntar Baba da gaske. Mata biyu a layinmu suka daina aiko 'ya'yansu karɓar ɗinki. A Tsibiri tsofaffi suka riƙa shiga wurin Iya suna yi mata jaje. A lakwal, muna gaɗa a gindin bedi lokacin hutu, Zuwaira ta ƙi kama hannuna, ta ce ba ta wasa da ɗiyar ɓarawon yara. Na shaƙe ta, muka faɗi cikin yashi, na yaga mata kallabi. Mushe ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi.

Bayan wata guda Sanusi ya dawo shago. Ina nan a ranar, na kai wa Baba abincin rana. Ya ce ya rubuta kashi na biyu, mugun zai tsere daga kurkuku ya sake sace yarinyar. Ya ƙara da cewa mutanen Maraɗi ba su san fim ba. Baba bai tsayar da keken ɗinki ba sai da ya kai ƙarshen hannun rigar da yake yi.

"Sun sani, Sanusi," ya ce. "Abin da suka gani sau ɗari muka sake ba su, kuma ba mu iya shi ba. Ɗiyata ta yi dambe a kaina. Ka nemi wani."

Sanusi ya tattara takardunsa ya fita, ba a kuma yi kashi na biyun ba. Sannu a hankali gari ya manta, matan nan biyu suka dawo da ɗinkinsu kafin babbar Salla. Ni ban manta ba. Na yi shekaru in na ji an kunna fim mai irin wannan kiɗa sai in bar wurin.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa, in fim bai yi musu ba sai su ture shi da yatsa, babu wanda ya ji, babu wanda ya ji kunya. A lokacinmu unguwa guda ke zama a tabarma ɗaya ta yanke hukunci a gaban mai abin. Har yau ra'ayina bai sauya ba, fim ɗin nan bai da kyau, kuma ban yafe wa Sanusi ba. Sai dai tun da Baba ya rasu nake bin tsofaffin masu kaset a kasuwa ina tambaya, babu wanda ya ajiye shi. A cikinsa kaɗai Baba ya rage yana tafiya yana magana.