Inna Labiba da kazar da ta kasa haɗiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 2024, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Inna Labiba ta Zongon Kwatano. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

Inna, shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da ke. Mutanen unguwa "mai kaji" suke ce miki, kamar kiwonsu kaɗai kika iya. Su ɗin nan kuwa, da zarar kazarsu ta saki fukafukai, ƙofarki suke nufa. Har daga Tokpa-Hoho da Avotrou ake zuwa, kaza a kwando, kwando a bayan zemijan, babur ɗin haya. Ba ki taɓa zama a bencin lakwal ɗin boko ba, amma ni da na cika ɗaki da littattafai, a tsakar gidanki na ga yadda ake bincike.

Ba kya gaggawa. Sai ki ware kazar, ki jawo kujera ki zauna kina kallonta. Daga nan ki duba kashinta, idonta, zankonta, ƙarƙashin fiffike ko da ƙuma. Ki shafa ƙasan wuya inda abinci ke taruwa. Baki ne na ƙarshe. Kikan ce, "Kaza ba ta magana, amma ba ta iya ƙarya ba."

Ina nan ranar da Hanane mai ƙosai ta kawo tata, bayan ta kwana biyar tana fasa mata kafso a ruwa. Kika ce, "'Yar nan, kin tambaye ta ko mutum ce?" Ashe ƙwai ne ya maƙale. Da ruwan ɗumi da ɗan man ja kika fito da shi. Abin da kika nema a wurinta ɗaya ne, ta dawo bayan kwana uku ta ba ki labari. In kuwa annoba ce, ba kya ɓoyewa don a ji daɗi. Kin sha sa mutum ya binne kazarsa yana zaginki a zuci, sauran kajinsa suka tsira.

Ba zan rubuta wannan ina haɗiye fushina ba. Sati uku kina kwance, muna cewa zazzaɓin damina ne. Kowa ya shigo da ƙwayarsa a ƙullin leda, daga tiren mai talla, ba suna ba takarda. Ke da ba ki taɓa ba kaza magani ba sai kin duba ta, mu muka yi ta ɗura miki abin da muka ga dama, ba wanda ya ce a duba ki. Da muka kai ki asibiti, likita ya tambaye mu ina muke tun tuni. Kwana ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma sakaci namu ne, kuma nawa ya fi na kowa, don ni ce mai karatun.

Ga labarin da na zo ba ki. Kwana biyar da rasuwarki, jar kazarki ta daina ci. Ta tsaya a gindin randa, baki buɗe, yawu na zuba, tana kaɗa kai. Nan take masu zaman makoki suka ce annoba ce. Adamou ɗan ƙaninki, da yake mahauci ne, ya ce a yanke su duka a zuba a abincin sadakar bakwai kafin su mutu a banza. 'Yarki Wassila kuwa, kajin nan goma sha tara su ne abin da kika bar mata, ita da marayunta uku.

Na tarar yana wasa wuƙa. Na ce, "Adamou, kai komai ka gani, wuyansa kake fara dubawa. In annoba ce, baƙi za ka ciyar da ita?"

Ya ce, "Malama, wannan ba allon lakwal ba ne. Gobe war haka ko ɗaya ba za ki samu ba."

"Ka ba ni zuwa la'asar. In na kasa, ni zan riƙe maka ƙafafunsu."

Baki kawai na yi, Inna. Ban taɓa duba kaza da hannuna ba, kallonki kawai nake yi. Muka kife ta da kwando a nesa da sauran, ni da Wassila muka zauna. Sauran suna tononsu lafiya. Kashinta kaɗan ne, amma ba koren zawo ba ne. Ido tas, zanko ja, wuya bai murɗe ba, ƙarƙashin fiffike ba komai. Muka watsa mata tsaba. Ta yi wuf ta tsinta, tsabar ta faɗo daga bakinta. Ta sake, ta faɗo.

Wassila ta ce, "Tanti, ai tana son ci. Haɗiyewa ce ta gagare ta."

Na buɗe bakin, ta leƙa. Farin zare ne ya naɗe gindin harshen, har ya kumbura. Zaren bakin buhun shinkafa ne. Mu masu girkin makoki muka yi ta farke buhuna muna yar da shi a ƙasa, a tsakar gidan da ba ki taɓa barin ko silin gashi ya yini ba. Na riƙe kazar, na bar wa Wassila aikin. Ta ɗaga zaren da tsinke, ta datse shi da ƙaramin almakashi, ta warware a hankali. Muka wanke bakin da ruwan ɗumi, muka jiƙa mata dusa. Ana kiran la'asar ta haɗiye lomar farko. Adamou ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce shi dama gwada mu yake yi. Ranar bakwai, daga teburinsa ya kawo naman sadakar.

Harshen bai gama saɓewa ba, amma ta koma cikin 'yan uwanta, kuma sha tara ɗin suna nan cif. Jiya wata mata ta zo daga Fidjrossè da kaza a kwando, ba ta ji rasuwarki ba. Ta yi kukanta, ta yi addu'a, ta ɗauki kwandon za ta tafi. Wassila ta share ido, ta jawo kujera ta ce, "Ajiye ta nan, Yaya. Tun yaushe ta fara?"

Allah ya jiƙan ki, Inna Labiba. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sa tausayin da kika nuna wa halittunsa marasa baki ya tsaya miki ranar hisabi. Mu kuma ya yafe mana sakacinmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Wassila da 'ya'yanta, da Adamou, da dangi na nan da na arewa, da jama'ar Zongo baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.