Ranar da Aka Ga Baba Audu a Majigi

Duk wanda ya san Baba Audu a Plumstead ya san ba ya amsa gaisuwa da baki. Ka ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ɗaga gira ɗaya, ya wuce. Ni na zauna flat ɗaya da shi, ina wankin kwanoni a otal, wai ni da na zo karatu. A bar wannan zancen.

Daga Lakwaja ya biyo jirgin ruwa yana zuba kwal, ya maƙale a London tun ba a haife ni ba. Masu fim suka gan shi ƙato, suka ɗauka. Lokacin fim ba ya magana, fuska ke aiki. Ya yi dogari, ya yi ɗan fashin teku, ya yi mai yi wa sarki fifita. Da aka sa wa fim murya, aka ce ya buɗe baki, ashe ƙaton nan muryarsa ta ɗan tsako ce. Nan sana'a ta mutu.

Bai yafe ba kuwa. Ina kunna talabijin zai zo ya murɗe muryar.

"Haba Baba, labarai ake yi!"

"Dubi fuskarsa mana, Sule. Ƙarya yake."

Rannan heater mai ɗumama mana ɗaki ta mutu, muka je ofishin council kai kuka. Na yi ta zuba guntun Turancina, ko kallo ban samu ba. Baba ya zauna kawai ya kama rawar ɗari, leɓe na karkarwa. Wallahi matar ofis da kanta ta cire mayafin wuyanta ta yafa masa! Muna fita ya miƙe garau. "Ka gani? Kai sai surutu."

Abu ɗaya ke cin ransa: ba wanda ya yarda ya taɓa yin fim. Shekarun kuɗin fetur ne, alhazai na zuwa shopping kamar za su kwashe garin. Wani cikinsu, Alhaji Garba ɗan kwangilar siminti, ya ce masa a gaban jama'a bayan Juma'a, "Baba, ka tsufa, daina ƙarya. Kai ɗin da fim?" Ranar bai ci abinci ba.

Ana nan na ga wani ɗan ƙaramin gidan silima a Bloomsbury zai nuna tsofaffin finafinai, har da wanda Baba ke yawan ambata. Na jawo Alhajin da mutanenmu muka je. A ƙofa Baba ya ja ya tsaya.

"In sun yanke wurina fa, Sule?"

Fim ya yi nisa, babu shi. Alhaji ya fara duba agogonsa na zinare. Sai ga shi! Saurayi, ƙirji kamar ƙyaure. Baturen kyaftin zai hau jirgi, Baba ya ɗaga hannu biyu ya ware masa yatsu goma a fuska. Daƙuwa! Rubutu ya fito, wai bawa mai aminci yana sa wa ubangidansa albarka. Turawa na share hawaye, mu muna faɗowa daga kujera.

"Baba, me ya kai ka?"

"Cewa suka yi in yi masa bankwana irin na garinmu. Kuma kyaftin ɗin ya taka min ƙafa, ko sannu bai ce ba."

A waje Alhaji ya durƙusa kan titi. "Baba, na tuba."

"Tashi, kar ka ɓata wandon fetur."

Baba bai kai bazara ba. Amma ya tafi an yarda da shi, abin da ni har yau ban samu ba. Allah ya jiƙan Baba Audu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, har da daƙuwar nan ta kyaftin.