Gishirin da Malam Arzika Ya Auna

Malam Arzika ɗan masunta ne daga Argungu, a bakin gulbi aka haife shi. Karatunsa na boko bai wuce difloma ba, kuma da ita ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen ilimin halittu a wata makarantar gaba da sakandare da ke Birnin Kebbi. Shi ke wanke kwalabe, shi ke riƙe da ma'auni, shi ke ciyar da ƙananan tarwada da ɗalibai suke nazari a kansu.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ciwon fata ya kama kifayen. Dokta Nu'uman, malamin darasin kiwon kifi, ya ba shi umarni ya yi musu wankan gishiri, biyar cikin ɗari. Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, anya bai yi yawa ba?" Dokta ya ce ba shawara aka nema ba. Kafin la'asar kifi ɗari shida sun juya ciki sama. A gaban kwamitin bincike Dokta ya ce shi biyar cikin dubu ya faɗa, ya ƙara da cewa ɗan masunta ba ya sanin lissafi sai na kwando. Aka yi dariya, aka saka wa Arzika takardar gargaɗi a fayil, kuma tun ranar bai ƙara matsawa gaba a aiki ba.

Bai yafe ba. Yana gaishe da Dokta kullum safiya, suna haɗa sahu a masallaci, amma zuciyarsa tana riƙe da ranar nan kamar jiya. Ya kuma san wani abu: takardar darasin da Dokta yake raba wa ɗalibai ba a taɓa gyara ta ba, hoto kawai ake sake ɗauka duk shekara, har rubutun ya dushe. A shafi na tara, biyar cikin ɗari na nan zaune.

Saura wata huɗu ya yi ritaya aka turo Farfesa Wuraola, mai jarrabawa daga waje, ta auna ƙwarewar ɗaliban aji uku a lissafi. Ta ce ba ta son tambayar allo, a ba su aikin hannu. Ta tambayi Arzika abin da ke akwai.

"Akwai gishiri, akwai bokiti, akwai kifi," in ji shi. "Su haɗa ruwan wanka lita ashirin."

Ɗalibai arba'in da uku suka sunkuya. Lissafinsu bai karkace ba ko kaɗan: biyar cikin ɗari na lita ashirin, kilo guda. Rukuni bayan rukuni suka zo ma'auni, Arzika yana auna musu kilo cif. Dokta yana tsaye a ƙofa yana murmushi, ganin amsar kowa ta zo ɗaya.

Wata ɗaliba ce kaɗai, Laure, wadda uwarta ke bandar kifi a Argungu, ta tsoma yatsa a bokitin ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Baba Arzika, wanga ruwa ai na jiƙa kifin banda ne. Mai rai ba ya shiga nan."

"Ɗiyata, ni ma'auni aka ba ni," in ji shi. "Ki gaya wa masu ilimi."

Farfesa ta sa aka jefa kifi uku a bokitin farko. Suka yi ta zillo, suka fara kifewa. Arzika ya tsamo su da sauri ya mayar da su ruwan daɗi, domin ba da su yake faɗa ba. Farfesa ta tambayi ɗaliban inda suka samo adadin. Hannu arba'in da uku suka ɗaga takarda ɗaya, shafi na tara, da sunan Dokta Nu'uman a samanta.

"Kuskuren mai buga takarda ne na bana," in ji Dokta.

Sai Arzika ya buɗe aljihun teburinsa ya fito da ɗauri guda: takardar darasin ta kowace shekara, goma sha ɗaya, ya jera su bisa tebur ɗaya bayan ɗaya, kowace a buɗe a shafi na tara. A kan ta ƙarshe ya ɗora takardar gargaɗinsa.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan masunta ne, ban iya lissafi ba. A taimaka a ƙirga mini su."

Farfesa ta rubuta a rahotonta cewa ɗaliban sun iya ninkawa da rabawa, amma mutum ɗaya ce ta san adadin da hankali ba zai karɓa ba. Ta kuma nemi a sake duba fayil ɗin Arzika. An cire takardar gargaɗin mako uku kafin ya ajiye aiki.

Yanzu yana Argungu, yana da tafkin kifi biyu a bayan gida. An ce Dokta ya aiko masa da gaisuwa sau biyu. Ya amsa sallamar, kamar yadda addini ya wajabta, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.