Ƙyallen da Kawuna Bai Taɓa Gani Ba

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta biyo ta Tsafe zuwa Gusau, ina da shekara talatin da ɗoriya, masaƙata tana gindin wata tsamiya a bakin gari. A nan wani mai awon ƙasa ya saba zama idan rana ta yi tsaka. Mutumin bakin teku ne, ya yi karatun boko mai zurfi, Hausarsa kuma ta nuna, sai dai yana jan wasu kalmomi. Akawu muke ce masa. Ya ba ni aikin gwado, amma na lura kallon hannuna ya fi gwadon kawo shi.

Wata Laraba kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Bungudu. Shi ya koya mini wadarin zare da jefa ƙoshiyar saƙa, kuma duk yankinmu ba a ja da shi a saƙa. Yana da jakar fata cike da guntayen ƙyalle, kowanne da irin jerin ratsinsa, baƙi da fari. Ya zazzage su a tabarma don Akawu ya zaɓa, ya ce, "Duk ratsin da ɗan Adam zai saƙa, yana cikin jakar nan."

Akawu ya yi murmushi ya ce, "Baba, in ka yarda, ɗanka zai saƙa wanda ba ya ciki, kafin la'asar."

Kawu ya dube ni. Ni kuwa ban san mi ake ciki ba.

Akawu ya sa muka jera ƙyallayen, na ɗaya, na biyu, har ƙarshe. Ya ce mini, "Dubi ratsin farko na ƙyallen farko."

"Baƙi ne."

"To, sa fari. Yanzu ratsi na biyu a ƙyalle na biyu."

"Fari."

"Sa baƙi."

Haka muka bi, na uku a na uku, na huɗu a na huɗu, kullum ina saɓa wa abin da na gani. Abin da ya fito ba shi da kyan gani, ko kyauta ba mai karɓa. Kawu ya ɗauka ya shiga gwadawa da nasa ɗaya bayan ɗaya. Wajen na ashirin ya daina, don ya gane abin da ni ma na gane ina kan masaƙa: ba zai zama na farko ba, sun saɓa a ratsin farko, ba zai zama na goma ba, sun saɓa a na goma.

Sai ya jefa shi cikin jaka ya ce, "Madalla. Yanzu yana ciki."

"Mu sake jerawa, mu sake saƙa wani," in ji Akawu.

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan mutum zai ƙarar da zaren abawar Zamfara.

Ni abin bai sake ni ba. Bayan kwana biyu na tambayi Akawu ina ya koyi wannan dabara, tunda bai taɓa zama kan masaƙa ba. Ya ce a littafin lissafi ya gani, wani Bajamushe ne ya fito da ita, kuma ba don tufa ba. Ya karɓi sandar awona, kamu ɗaya, ya ɗora farce a wani wuri. Ya ce in raba sandar biyu a zuci: in farcen yana hagu, baƙi, in yana dama, fari. In sake raba rabin da yake ciki, in sake, har abada. Ke nan kowane tsawo a jikin sandar yana da ƙyallensa wanda ba ya ƙarewa.

Sannan ya ce akwai tsawon da ake samu a matsayin amsar tambayar hisabi, irin ta "wane adadi ne in an ninka shi da kansa, aka ƙara kaza, zai ba da kaza". Kowace irin wannan tambaya ana iya rubuta ta a allo ta ƙare. Saboda haka ana iya jera su, gajeru a gaba, dogaye a baya, amsoshinsu ma su bi layi.

Na riga shi faɗa. Na ce, "Sai a bi layin ana saɓawa."

Ya buga cinyarsa. "Ka gani! Tsawon da ya fito yana jikin sandarka, amma ba tambayar da za ta haife shi. Kuma irinsa sun fi waɗanda ke layin yawa nesa ba kusa ba."

Na kai maganar Gusau wurin wani malamin hisabi da ke raba mana gado. Ya saurara yana jan tasbaha, ya ce hujjar ba ta da ɓaraka, amma shi bai saba a ce masa akwai baƙo a gida ba a nuna masa fuskarsa ba. Da na faɗa wa Akawu, ya ce a gaya wa Malam ai shi Malam ɗin ya san ɗaya daga cikin baƙin nan tun yana yaro: sau nawa faɗin bakin ƙwarya yake shiga kewayensa. Ya ce an tabbatar ba tambayar da za ta haifi wannan adadin, ta wata hanya mai wuya, wadda shi kansa bai iya ba.

Ranar na auna duk ƙoren matata da zare. Uku da ɗan abu, kowacce. Ta tsaya da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya.

Da aikin hanya ya wuce gaba, Akawu ya bi shi, ban sake ganinsa ba. Gwadon nasa kuwa ratsin da kowa ke sawa ya zaɓa. Kawu ya ci gaba da yawo da jakarsa har ya rasu, sai dai in ya zazzage ta gaban mai saye, cewa yake yi, "Ga waɗanda na sani."