Kwas ɗin da Yaya ya zaɓa wa Malama

Yayana ya shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ido ɗaya manne da madubin awo, ɗayan a kanne. Jini, fitsari, majina, duk abin da mutane ke miƙawa suna kau da kai, shi yake karɓa ya sa wa lamba. Ya iya aikinsa, wannan ban ja ba. Likitoci kan sauko daga bene su tambaye shi me ya gani. Matsalar Yaya ita ce da ya ƙware a abu ɗaya, sai ya ɗauka ya ƙware a sauran.

'Yarsa ta fari Malama muke ce mata, don tun tana shekara bakwai take gyara wa manya lissafi ba a tambaye ta ba. A ajin ƙarshe na sakandare ta gano akwai masu binciken cututtuka ta kwamfuta. Ana ba su bayanan ƙwayoyin gado na dubban mutane, su rubuta manhajar da za ta tace, ta nuna inda cutar ta ɓuya. Ta ce wannan aikin take so, ba wani ba. Wurina ta kawo maganar, tunda ni a ofishin rajistar ɗalibai nake aiki. Muka bincika tare, muka ga abin da ake nema: lissafi, ƙididdiga da rubuta manhaja, sannan a ɗora bayoloji a kai.

Gurbi biyu ta samu. Jami'a mai nisa ta ba ta kwamfuta da lissafi, da damar ɗaukar darussan bayoloji a gefe. Ta kusa ta ba ta bayoloji zalla, sashen kwamfutarsu ma a wata haraba yake, kuma ba a barin 'yan wani sashe su zauna a ajinsu. Kwana goma aka ba ta ta karɓi ɗaya.

Yaya ya shimfiɗa takardun a teburin falo. Ta jami'ar kusa tana da hoton ɗakin gwaji, madubai jere sababbi fil, kuma ina ganin yadda ya tsura musu ido na san an gama. A wurin aikinsu kwamfuta ɗaya ce, a kusurwa, sakatariya na buga sakamako da ita. Iyakar abin da ya sani game da kwamfuta ke nan.

"Abin da sakatariyarmu ta koya a wata uku za ki je ki kashe wa shekara huɗu?" in ji shi. "Ki fara sanin jini tukuna. Na'ura kya koya a hutu."

Sau uku na je masa. Na ce buga takarda daban, rubuta manhaja daban. Na farko ya yi dariya, na biyu ya yi kunnen uwar shegu da ni, na uku ya tuna min cewa shi ya raka ni makaranta ranar da aka sa ni. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba mugunta ya yi ba, har zuciyarsa ya ɗauka mai kyaun ya zaɓa mata. Malama ba ta iya musu da ubanta. Ta sa hannu.

Shekara huɗu tana feɗe kwaɗi tana zana ƙwayoyi da fensir. Ta gwada koyon manhaja da kanta, aikin ɗakin gwaji ya cinye ranakun. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Sau uku ta nemi shiga wata cibiyar bincike, sau uku aka duba takardar makinta aka ga darasin lissafi guda tal, na shekarar farko, aka ba ta haƙuri.

Lokacin Yaya ya yi ritaya. Ya sa kayansa na fita, ya ɗauki sakamakonta, ya tafi cibiyar zai ji dalili. Shugabar cibiyar ba ta yi gardama da shi ba, kujera ta ja masa gaban kwamfutarta. Shi da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce ya waiga ko'ina bai ga madubi ko ɗaya ba, babu ko warin magani, sai mutane tsit kowa na danne-danne. Ta buɗe masa shafi cike da lambobi, ta ce jinin mutum dubu huɗu ke nan. Ya kasa karanta ko layi ɗaya.

Daga can ofishina ya wuto, ya zauna a kujerar ɗalibai.

"Ke kin san haka abin yake?"

"Sau uku na faɗa maka, Yaya."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Daga baya ya ce in je in gaya wa Malama shi ya ce ta koma, daga aji ɗaya, duk jami'ar da take so. Ban ji tausayinsa ba a ranar, haushi na ji, har da na kaina.

Na same ta a wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke bayan kasuwa, inda ta samu aiki, tana liƙa lamba a jikin kwalabe. Na isar da saƙon kalma da kalma. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Gwaggo, ki ce wa Baba na gode," ta ce. "Na daina so."

Ta leƙa ta taga ta kira mai bi a layi.