In Gaisuwa Ce, Biyo Ni

Gaisuwa ce ta kusa gurgunta mahaifina. Bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, likita ya ce dole ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Baba kuma ba abin da yake so illa ya sake kai kansa masallacin unguwa da ƙafarsa. Ni ce mai sunan mahaifiyarsa, Uwata yake ce min, don haka ni na ɗauki aikin.

To, a Fagge muke, kuma Baba ya tsufa a cinikin atamfa, ba wanda bai san shi ba. Da mun fito ƙofar gida mai shayi zai taso: "Alhaji, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Mai shago ya kawo benci da gudu. 'Yan dako su sauke dila su durƙusa. Shi kuwa Baba ba ya barin gaisuwa rabi. Sai ya zauna ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen ƙauye. Rana ta take, mu koma ciki ba mu tsinana komai ba. Haushi kamar ya kashe ni, amma wa zan yi wa faɗa? Ƙaunarsa suke yi.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ta ba ni labarin wani ɗan lambun shaƙatawa a Sabon Gari. Da na faɗa a gida, Inna ta riƙe baki.

"Lambu a Sabon Gari? Dattijo kamar babanki? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Washegari da safe na tare adaidaita sahu. Baba ya shiga yana mita: "Uwata, da furfurata za ki kai ni wajen lilo?" Na ce wa mai adaidaita mu tafi.

Lambun ba wani abin kallo ba ne: bishiyoyin darbejiya, lilo mai tsatsa, benci na siminti, da 'yar hanya da ta zagaye ciyawa rabinta busasshe. Amma ba mahalukin da ya san Baba a wurin, ni kuwa abin da na zo nema ke nan. Sai dai ga wata sabuwa: da ya ga ba mai kula shi, sai ya samu benci ya zauna ya haɗe rai. Na lallaɓa, na yi fushi, ya ce ƙafar ta ƙi. Haka muka yi ta zarya a banza, ni kuma na rantse a raina ba zan fasa ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo da muke tararwa kullum tana zagaye da sanda, gwiwoyinta a kumbure. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ran nan ta zo wucewa ta gabanmu, Baba ya ce, "Madam, ina kwana?"

"Lafiya lau, Alhaji. Benci ka zo gani? A gidanku babu?" Ba ta ko tsaya ba. "In gaisuwa ce, biyo ni."

Baba ya saki baki. Bai tambayi gajiya ba, bai tambayi yara ba, ga mai amsawa tana tafiya. A duniyarsa ba a taɓa barin gaisuwa haka. Sai na ga ya dafa sandarsa ya miƙe, yana jan ƙafa a bayanta yana cewa, "Ya iyali? Ya mutan gida?" Ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta waiwaye. Na kau da kai don kada ya ga hawayena.

Daga nan kullum sai sun yi wannan doguwar gaisuwa. Ya taɓa faɗuwa ya goge gwiwa, ya ce shi ya gama. Washegari na kira adaidaita ƙofar gida, na zauna a zaure na ce ko makaranta ba zan je ba sai ya fito. Ya fito yana cewa wai na gaji taurin kan uwarsa.

Damina ta wuce muna zuwa. Wata la'asar Baba ya yi alwala ya ce a miƙo masa hularsa, masallaci za shi. Na laɓe a zaure ina leƙe. Yana fita mai shago ya rugo da benci.

"Alhaji, barka da fitowa! Zauna mu gaisa."

Baba bai tsaya ba. "In gaisuwa ce, biyo ni."

Mai shago ya ajiye benci ya bi shi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, 'yan dako suka mara masa baya, kowa yana taka ƙafa a hankali daidai da tasa, shi kuma yana tambayar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye har na hango shi a ƙofar masallaci yana cire takalminsa da kansa.